Kamdawun na Kamfanin Sabulu

Yayana bai iya zama ba. Ko abinci yake ci, ƙafa ɗaya na ƙarƙashin tebur, ɗaya ta riga ta kama hanyar ƙofa. Shi ne kuma kamfanin sabulu ya ga ya dace ya ba aikin kwantar wa mutane hankali. Ni direban motar kaya ne a wurin, don haka a idona ake komai.

Dabararsa ɗaya ce. Da zarar ma'aikata sun harzuƙa, sai ya sauko daga benen ofis da sauri, ya ɗaga tafukan hannu biyu, ya sakar musu Turanci. "Kam dawun. Rilas. Tek it izi." Daga nan suka laƙa masa Kamdawun. Na taɓa tambayarsa me ya hana shi lallashi da harshen da aka yi masa faɗa da shi yana yaro.

"Kai ƙanena, kanka kamar tayar motarka," in ji shi. "Mai fushi da Hausa bakinsa gudu yake. Ka ja shi Turanci, sai ya tsaya neman kalma. Kafin ya samo, ya huce."

Kuma dabarar tana ci. Na ga ƙato ya zo da sifana a hannu, ya koma yana "to, to, ai andastan."

Amma Turancin da ake ba shi a bene daban ne. Can ba a cewa rilas. Manaja cewa yake "kwantirol," yana danna babban yatsa a tebur kamar mai kashe kuɗin cizo. Yaya ya karɓo wannan, kafin ya gama sauka matakala ya mayar da ita mai laushi. Shekara da shekaru a haka, har gwiwarsa ta fara ƙara.

Sai ranar da fankar da ke zuƙe tururi a ɗakin naɗe sabulu ta mutu. Tururin soda ya cika ɗakin. Matan da ke aiki a ciki suka jure har idanunsu suka koma ja, hawaye na ɗiga a kwali. Da rana ta take suka ajiye aiki, suka fito tsakar fili. Wadda ke gaba ita ce 'yar Yaya ta fari, wadda yake kira Uwata, shi ya nema mata aikin da kansa.

Ina ofis ina jiran takardar fita da kaya lokacin da manaja ya ce wa Yaya, "Ko su koma kafin a loda motar nan, ko ka kawo mini sunan shugabarsu, yau ta bar nan."

Yaya ya sauko, ya koma sama rabin matakala, ya sake saukowa, ni ina biye. Ya ɗaga hannu.

"Ledis, kam dawun..."

Abin da ya manta shi ne, shi ya kai yarinyar nan makaranta. Ta juyo ta buɗe masa Turanci kamar an ɓalle famfo. Ni dai "fan" na kama da "hospital". Wannan karon shi ne ya tsaya neman kalma. Wata tsohuwa a bayanta ta ce, "Kamdawun, rilas mana!" Fili ya ɗauki dariya, ban da uba da 'ya.

"Uwata," ya ce, murya ƙasa ƙasa, "sunanki ake nema a sama."

"Ai kai ka raɗa shi, Baba. Ka kai musu."

"Ki koma ciki, ko na yau kawai."

"Zo mu koma tare."

Ta kama hannun rigarsa, ta ja shi ɗakin naɗi. Yaya da ke ratsa ɗakin nan kullum kamar ana bin sa, yau aka tsayar da shi a tsakiya. Ban gama kunna mota ba sai ga shi ya fito yana tari, yana laluben bango, majina har gemu.

Ya hau bene a haka. Na bi shi, don takardata na can.

"Sun koma?" in ji manaja.

"Ba su koma ba, yallaɓai."

"Sunan shugabarsu."

Yaya ya goge ido da bayan hannu. "Ni na ce su fito. Rubuta nawa."

Ƙarya ce tsagwaronta, manaja ma ya sani, amma suna ɗaya ya nema, ya kuma samu. Washegari aka kira mai gyara. Uwata na nan a ɗakin naɗi har yanzu. Yaya kuwa aka ba shi takardar sallama.

Yanzu yana gida, ya dami matarsa. Ya gyara ƙofar da ba ta lalace ba, ya sauya wa kujeru wuri, ya mayar da su. Da yamma sai ya fita bakin titi ya tsaya, wai shan iska. Da ya hango Uwata ta sauko daga motar ma'aikata sai ya tare ta.

"Fankar na aiki?"

"Tana aiki, Baba."

"Matso in ga idon."