An tafi gwajin mota da Ummi a baya

'Yan uwa, ku ji abin da ya same ni. Dama tun da Baban Ummi ya sayi baƙar motar nan ƙirar Jamus hankalina bai kwanta ba. Kullum musu suke da abokinsa Sadiƙu mai ƙirar Japan, wai ta wa ta fi gudu.

Yau mun je suna Ƙofar Ran. Ummi ta yi barci, na kwantar da ita a kujerar baya, babanta na jingine da motar, na shiga yin barka. Ina fitowa babu mota!

Na ce, "Baban Ummi, ina yarinyar?"

Ya dafe kai yana salati. Ashe musayar makulli suka yi, Sadiƙu ya tafi gwada tamu a hanyar Inkil. Gilashin baƙi ne, bai san Ummi na ciki ba. Muka kira wayarsa, sai ga ta tana ƙara a cikin tasa motar.

Can Sadiƙu ya dawo yana dariya: "Mutumina, na taka ta har ƙarshe, ko girgiza babu."

Na fizgi ƙofa. Ummi ta gangaro wajen sa ƙafa, tana ta barcinta.

Don Allah ku gaya wa mazanku, kafin su miƙa makulli su leƙa baya.