Baffa Ya Mayar da Haƙoran Jos

Ni da Baffa mun yi shekara goma sha ɗaya muna haƙar kuza a Riruwai. Shi ne helma, wato shugaban leburori, ni kuwa ɗaukar ƙasa nake yi a kwano.

Tun yana saurayi haƙori bai taɓa barinsa ya huta ba. Kullum akwai kanumfari a kuncinsa. Ya gwada jar kanwa, ya gwada hayaƙin 'ya'yan gauta, duk a banza. In kumburi ya yi yawa sai ya je wurin Ubale wanzami a cire. Ubale yakan ce, "Baffa, kai ne gonata, duk shekara sai na yi girbi." Kafin ya kai arba'in saura huɗu a bakinsa, su ma suna girgiɗi. Nama ya gagare shi, goro ma sai ya goga.

A shekarar 1955 Baturen kamfani ya sa aka kai shi Jos a mota, aka cire ragowar, aka yi masa na roba. Ranar da ya dawo ya sayi tsire ya zauna a bakin kasuwa yana ci a hankali, kowa ya zo wucewa sai ya yi masa murmushi. Mun taya shi murna ƙwarai.

Ana cikin damina aka yi kwana uku ana ruwa. Babban ramin da mu talatin muke aiki a ciki ya jiƙe, gefensa ya fara tsagewa. Muka ce ba za mu shiga ba sai ya sha iska. Sai ga Zailani, akawun Bature, ya zo ya tsaya a gabanmu.

"Helma, Bature ya ce kai suke jin maganarka. Ka ce su sauka."

Baffa ya ce, "Malam Zailani, ka leƙa ramin kuwa?"

"Ba leƙe aka aiko ni ba. Ka dai tuna wanda ya gyara maka baki."

Sai Baffa ya sa yatsu biyu ya zaro haƙoran, na sama da na ƙasa, ya goge su da bakin riga, ya ɗora a tafin hannun Zailani.

"Kai masa kayansa. Da dasashi ma ina iya cewa a'a."

Maganar ta fito a lauye, wasu suka yi dariya, amma ba wanda ya sauka.

Washegari aka sauke shi daga helma, ya koma noma a Doguwa. Ramin nan bai rufta ba, gaskiya ke nan, har aka gama damina. Na je na gaya masa, na same shi yana shan kunu. Ya ce, "To, alhamdu lillahi. Da mutum talatin kake so in gwada in gani?"