Ranar da Kaka Ta Goyi Sadiku a Kan Teku

Da hantsin wata Talata a ƙarshen watan Nuwamban 2009, ina zaune dirshan a ƙasan ɗakinmu na cikin jirgin ruwa, na rungume ƙafar gado da hannu biyu, ina kallon takalman ƙanena Sadiku suna tafiya su kaɗai. Sai su sulale daga bakin banɗaki har jikin bango, su ɗan tsaya, sannan su komo. Ƙofofin kabad suna buɗewa suna rufewa da kansu, tagar kuwa wani lokaci sararin sama ne toka-toka a cikinta, wani lokaci ruwa ne baƙi ƙirin mai farin kumfa. Shekarata goma sha ɗaya a lokacin. Kwananmu uku ke nan da tashi daga Baltimore, kuma tun safiyar Litinin iska ta taso ba ta kwanta ba. Kyaftin ya yi ta magana ta lasifika cewa an fasa tsayawa a tashar farko, an rufe saman jirgi, an tsayar da lif mai hawa da sauka da mutane, kowa ya zauna a ɗakinsa.

Mu biyar ne a tafiyar: Baba, da Mama, da ni, da Sadiku mai shekara huɗu, da Kaka, mahaifiyar Baba. Baba yana aiki a sashen Hausa na wani gidan rediyo a Washington, Mama kuma ma'aikaciyar jinya ce. Gidanmu a Beltsville yake, a ƙarshen wani layi mai itatuwa, inda motar makaranta take juyawa. Kaka ta zo mana daga Yawuri a farkon bazarar shekarar, kuma mako biyu ba ta yi ba ta sa Baba ya haƙe ciyawar bayan gida, ta shuka yakuwa da kuɓewa da barkono. Aikina ne ba su ruwa da yamma, bayan na fitar da shara na kwashe kwanuka daga injin wanki. Ina ban ruwa tana zaune a kan tabarma tana koya wa Sadiku 'yar carafke da tsakuwar da ta tsinto a bakin hanya, tana korar kuregu da sanda duk sanda suka doshi shukarta. Sunanta aka sa mini, shi ya sa Baba ba ya kirana sai Ummi, ita kuma Takwara take ce mini. Amma hira ba ta haɗa mu. Ina jin Hausa sarai, sai dai in aka yi mini magana da Turanci nake amsawa, don na taɓa gwadawa a wani taron suna a Mitchellville manya suka yi ta dariyar yadda na karya harshe, daga ranar na kulle bakina. Kaka ba ta jin Turanci ko kalma ɗaya. Wata bakwai muna gida ɗaya, daga ni sai gyaɗa kai da nuni da yatsa.

Saboda ita Baba ya shirya tafiyar. Za ta koma gida a watan Disamba, ta kuma taɓa cewa tana jin labarin ruwan da ba a hango tsallakensa, tana so ta gani da idonta kafin ta tafi. Ranar farko komai lafiya lau. Mun tsaya a saman jirgi ana wucewa ta ƙarƙashin wata doguwar gada, Sadiku yana ihu wai za mu buge ta, muka ci abinci har muka gaji, na ɗauki hotuna da kyamarar Baba har batir ya ƙare. Da muka shiga cikin teku sosai ne abin ya juye.

Zuwa safiyar Talata gidanmu kaf ya kwanta. Mama tana da ciki wata huɗu, dama amai yana damunta tun a gida, a nan kuwa ko kanta ba ta iya ɗagawa daga filo. Baba ya fita da sassafe ya samo mana shayi da burodi, jirgi ya yi wani irin tangaɗi yana kan matakala, ya faɗi ya gurɗe ƙafa, sai wani ma'aikaci ne ya riƙo shi ya dawo da shi, idon sawunsa ya kumbura suntum. Ni ma na yi amai sau biyu. Amma Sadiku ne abin tsoro. Tun jiya yake amai, ko cokalin ruwa aka ba shi sai ya dawo, ga shi ya daina kuka da ƙarfi, sai wani ɗan nishi. Mama ta ce a miƙo mata shi. Ta duba leɓensa da suka bushe, ta ja fatar bayan hannunsa, ta tambayi yaushe rabonsa da fitsari. Tun azahar ɗin jiya. Na ga fuskarta ta canza, irin canjin da ban taɓa gani ba. Ta ce yaron nan ruwan jikinsa ya ƙare, dole likita ya gan shi yanzu. Baba ya buga waya asibitin jirgi, aka ce masu rauni sun cika wurin, ba wanda za a iya turowa sai an jima, amma in za mu iya kawo shi a kawo. Asibitin yana can hawa na ɗaya, mu muna hawa na takwas. Mama ta yunƙura za ta tashi, ta kai bakin ƙofa jiri ya kayar da ita a gwiwa.

Duk wannan Kaka tana zaune a kan gadonta tana jan carbi, ita kaɗai ce ko gezau. Ta karya da burodin da Baba ya kawo, ta yi sallarta a zaune. Sai a ranar na tuna cewa 'yar masunta ce, a cikin kwalekwale ta girma a kan kogin Kwara. Ta ajiye carbin, ta miƙe, ta zaro zane daga akwatinta, ta sunkuya ta ce wa Baba ya ɗora mata yaron. Baba ya fara cewa, "Inna, shekarunki fa," ta kalle shi kallo ɗaya, ya ɗauki yaron ya ɗora mata. Ta ɗaure Sadiku tamau, ta ƙara majanyi a sama, ta cire takalmanta ta ajiye, sannan ta juyo gare ni ta ce, "Takwara, wuce gaba." Mama ta riƙo hannuna ta faɗa mini abin da zan gaya wa likita: yawan aman, rabonsa da fitsari, nauyinsa, da cewa jikinsa ba ya ƙin kowane magani. Ta sa na maimaita sau biyu.

Doguwar hanyar da ke tsakanin ɗakuna ba kowa, sai tire-tiren abinci da aka ajiye a bakin ƙofofi suna ta zamewa, ga warin amai ya cika ko'ina. Taku goma ban yi ba na bugu da wannan bango, na bugu da wancan. Kaka tana bayana tana tafe kamar a tsakar gidanta. Ta ce kada in yi kokawa da jirgin, in buɗe ƙafafuna, in saki gwiwa. "In ya hau, ki jira shi. In ya sauko, ki taka." Haka muka kai matakala, ina jira ina takawa, ina maimaita saƙon Mama a zuci. An rataye jakunkunan amai a jikin ƙarfen riƙewa, kowane hawa da lambarsa a bango. Muka sauka bakwai, muka sauka shida.

Tsakanin biyar da huɗu ne jirgin ya ɗaga sama ya daɗe bai sauko ba, sannan ya faɗo da wata ƙara kamar an bugi ganga, komai ya girgiza. Hannuna ya kuɓuce, na gangara matakala huɗu, bakina ya daki ƙarfe. Na ɗanɗani jini. Na zauna a wurin na fashe da kuka, ina cewa da Turanci ni ba zan iya ba, a koma. Da na ɗaga kai na ga Kaka a tsaye inda na bar ta, hannu ɗaya a kan ƙarfe, ɗayan ta tallabe Sadiku ta baya, kansa ya langaɓe a kafaɗarta. Numfashinta yana fita da ƙyar, gumi yana bin wuyanta, sai a lokacin na gane ita ma ta gaji. Ba ta lallashe ni ba. Ta ce, "Ni ba ni da baki a nan, shi kuma ba shi da lokaci. In kin zauna, duk mun zauna. Tashi." Na goge bakina da hannun riga na tashi.

A hawa na uku wata ma'aikaciyar jirgi ta tare mu, ta buɗe hannuwa tana cewa mu koma ɗaki, an hana yawo. Ni da ko a aji ba na ɗaga hannu, na tsaya gabanta na ce ƙanena ba shi da lafiya, an ce mu kawo shi, kuma ba za mu koma ba. Ta ce ina iyayenmu. Na sake faɗa mata da ƙarfi. Kaka ba ta san me muke cewa ba, sai kawai ta juya bayanta ta nuna mata fuskar yaron. Matar ta kalle shi, ta sauke hannu, ta riƙo gwiwar hannun Kaka, ta raka mu har ƙofar asibiti.

A ciki mutane ne a kan kujeru, wani da bandeji a ka, wata ta riƙe hannunta da ya karye. Likitar tana ganin Sadiku ta sa aka kwantar da shi. Na zazzage mata saƙon Mama ban manta ko ɗaya ba. Ta buga wa Baba waya ya ba da izini. Amma da ta ɗauko allura Kaka ta sa hannu ta kare yaron, tana tambayata me za a yi masa. Ba wanda zai amsa mata sai ni. Ban san yadda ake cewa ƙarin ruwa ba a lokacin, sai na ce, "Kaka, za su sa shi ruwa a cikin hannu. Ruwa ya ƙare a jikinta." Na san na yi kure, na jira dariya. Ba ta yi ba. Ta janye hannunta ta ce, "To, a saka. Bismillah."

Awa biyu muka yi a bakin gadon, ledar ruwa tana lilo a jikin ƙarfe. A can ƙasa jirgin bai cika tangaɗi ba, cikina ya lafa. Kaka ta jiƙa bakin mayafinta ta goge mini leɓe, sannan ta fara ba ni labari ba tare da na tambaya ba. Ta ce tana kamar shekaruna hadari ya taɓa riskar su a tsakiyar kogi ita da mahaifinta, ya ba ta ƙwarya ya ce ta yi ta kwalfe ruwa kada ta kalli ko'ina sai cikin kwalekwale, ta yi ta kwalfewa har hannunta ya sage, har suka kai gaci. Na tambaye ta ko ta ji tsoro. Ta ce ƙwarai kuwa, har fitsari ta yi a zane, muka yi dariya ƙasa-ƙasa. Na yi ta jefa mata tambayoyi da gurguwar Hausata, tana gyara mini wata kalma tana ƙyale wata. Wajen azahar Sadiku ya buɗe ido, ya ga allura a hannunsa, ya tsala ihu, hawaye na zuba shar-shar. Likitar ta nuna hawayen tana murmushi, ta ce abin da take jira ke nan. Can kuma ya ce yana jin fitsari. Kaka ta ɗaga hannu ta yi hamdala. Ni na kira ɗaki na faɗa wa Mama, na ji ta sauke wata irin ajiyar zuciya.

Washegari teku ta kwanta, muka ƙarasa tafiyarmu, Baba yana ɗingishi da sanda. Kaka ta koma Yawuri a watan da aka tsara, ba ta sake dawowa ba, sai gaisuwa ta waya da salla, minti biyu ko uku, layi yana yankewa. Ina aji biyu a jami'a a College Park aka yi mana waya cewa ta rasu. Yanzu Sadiku ya fi Baba tsawo, in na ba shi labarin sai ya yi dariya ya ce shi bai tuna komai ba. Yau waya ma tana iya yi wa mutum tafinta, ba sai an jira wata yarinya ta buɗe baki ba. Hausata ta nuna yanzu, ina iya hirar yini guda ban yi tuntuɓe ba, kuma ina da tambayoyi fal game da kogin nan, da mahaifinta, da ƙuruciyarta, waɗanda a lokacin ban san yadda zan haɗa su ba. Da na san awa biyun nan ce hirarmu mafi tsawo, da na ƙara tambaya.