Jirgin da Tonko Ya Bari

Tonko mai gyaran raga a tsibirin Vis ko takalmi ba ya saye da gaggawa. Da zai sayi jirgin ruwa mai inji don yawo da iyali, sai ya sami biyu kamar tagwaye. Injin ɗaya na tari. Ɗayan lafiya lau, amma sunansa Danica, sunan tsohuwar budurwarsa. Mu kuwa mutanen tsibirin ba ma canja wa jirgi suna, teku ba ta yafewa.

Matarsa Perina ta ce, "Saya mana, maigida! Kullum ka wanke Danica, ka shafa mata fenti, ina kallo."

Tonko ya ɗauki mai tarin. Har yau injin yana tari, amma miyar kifinsa da zafinta take zuwa daga hannun Perina.