Ranar da Kofur Ya Zo Miƙa Makulli

Kowa Kofur yake kiransa, ko da yake ya daɗe da tuɓe kaki. Direba ne a soja. Wata rana a bakin daga aka ba shi umarni ya ja mota, ya ja, alhali abokansa biyu ba su hau ba. Sau ɗaya ya faɗa wa yayansa wannan magana, bai ƙara ba. Ba ya zuwa taron tsofaffin sojoji, in kuma ya hango matar ɗaya daga cikin abokan nan biyu sai ya sake hanya.

A shagon kafinta na yayan yake aiki, yana goge katako. Guduma kam ba ya taɓawa. Yayan kuwa mutum ne mai zargi, ko ƙusa ta ɓata sai ya bi ba'asinta.

Kwatsam Kofur ya shiga wasa kayan aiki yana shafa musu mai. Ya mayar wa maƙwabci zarton da ya ara tun bara, ya gama kujerun da ya yi ta ja wa rai, har da fara'a. Yayan ya ce a ransa ruwa ba ya tsami banza, lalle mai babban shagon ƙetaren titi ne ke zawarcinsa. Ya bugi cikin matar Kofur, ta ce ita dai ta ga ya kyautar da takalmansa na soja.

Ran nan da hantsi Kofur ya kira shi, ya tsaya ƙyam, ya nuna masa kayan ɗaya bayan ɗaya, sannan ya miƙo makulli.

"To, Janar, wane shago ne ya yi sa'a?"

"Babu shago, Yaya. Karɓa kawai. Soja ba ya barin wurin gadi sai mai canjinsa ya ce ya karɓa."

Nan yayan ya gane inda maganar ta dosa. Ya tambaye shi kai tsaye ko kashe kansa yake shirin yi. Kofur ya sunkuyar da kai, ya ce ya gaji da ganin abokan nan biyu suna gudu a bayan motarsa.

Yayan ya zura hannuwansa a aljihu.

"Ban karɓa ba. Rufe shagon da hannunka, asibiti za mu."

Kofur ya jima a tsaye kafin ya ja ƙofar. Yayan ya kama hannun rigarsa, bai saki ba har suka sami mota.