Ƙosan Malama Eunice

Shekara goma sha tara Malama Eunice tana koyar da lissafi a wata sakandare a Narayi. Teburinmu ɗaya a ɗakin malamai, don haka na san halinta: ba ta faɗa, amma ba ta mantuwa.

Uwarta ƙosai ta soya a bakin titin Kakau har ta tsufa, ita ma da ƙosai take koyarwa. In aka zo darasin f(g(x)), inda ake cusa aikin lissafi cikin wani, sai ta ce, "Na ciki markaɗe ne, na waje suya. Wa ya taɓa soya wake kafin ya markaɗa?" Ko daƙiƙin aji ba ya mantawa.

Sai ga Mista Benson, sabon mataimakin shugaban makaranta, mai kwat ko a zafin Maris. A gaban yara ya ce mata nan makaranta ce, ba tashar mota ba. Ya ƙwace 'yan ajin ƙarshe ya ce shi zai koyar, ita ta koma aji ɗaya. Ranar na ga hawayenta, raina ya ɓaci matuƙa.

Ba a yi wata guda ba, sai ta ga littafin wata ɗalibar ajin, Phoebe. Ashe gogan daga waje yake faro lissafin. Da a ce ni ce, da na kwarmata masa nan take. Ita ko sai ta tara yaran a gindin mangwaro bayan an tashi, ta gyara musu, ta ci gaba da jira.

Ranar da masu duba makarantu suka zo, muka raka su ajin ƙarshe, ta miƙe da ladabi ta ce, "Yallaɓai, nuna wa baƙi koyarwar zamani mana." Ta rubuta masa a allo: g ƙara uku, f ninka biyu, a nemo f(g(5)).

Ya gyara kwat, ya ninka biyar, ya ƙara uku, ya rubuta sha uku, har da ja masa layi biyu.

Phoebe ta ɗaga hannu. "Yallaɓai, sha shida ne. Ka soya kafin ka markaɗa."

Ajin ya tuntsire da dariya, babban baƙon ya sunkuya yana rubutu. Ni dai wallahi ban ji tausayinsa ba, daɗi na ji har cikina.

Ranar Litinin aka mayar mata da ajinta. Kafin ta shiga, ta biya ofishinsa ta ajiye masa ƙosai a leda, da zafinsa.