Takalman Auta Masu Ƙarfe a Dunduniya

Matso kusa, gyara zama, in ba ka labarin maƙwabcinmu mai gyaran takalma, wanda duk layinmu ke kira Baba Ƙusa.

Shekara da shekaru yana zaune a rumfarsa ta kwano, ƙusoshi a baki, guduma a hannu, yana raya takalman da masu su suka fidda rai da su. 'Ya'yansa kuwa da silifas ɗin da aka manta a rumfar suka girma, ƙafa ɗaya ja, ɗaya shuɗi. Makaranta? Manyan ko ƙofarta ba su leƙa ba, abin da za a ci ma da ƙyar.

Sai ga shirin yaƙi da talauci ya iso unguwar. Aka ba Auta, ƙaramarsu, gurbin karatu kyauta, da yunifom, da jaka, da takalma sababbi fil a kwali.

Baba Ƙusa ya juya takalmin, ya shinshina, ya danna da yatsa, ya girgiza kai. "Wannan tafin? Ko damina ɗaya ba zai yi ba." Mutumin da bai taɓa riƙe takalmi ya bar shi haka nan ba! Ya lafta masa robar taya, ya buga ƙarfe a dunduniya, ya ce har jikoki sai sun sa.

Ranar farko Auta ta shiga aji, ƙwas, ƙwas, ƙwas a kan siminti. Aji ya kwashe da dariya, wani yaro ya ce doki ya zo karatu. Ta dawo da kuka, ta wurga takalman ƙarƙashin gado, ta rantse ita da makaranta har abada.

"Ka ga aikinka ko, Malam?" in ji innarta. "In ta ƙi zuwa, wani za a ba gurbin. Ka san yara nawa ke jira?"

"Baba, ka cire ƙarfen mana," in ji Auta.

"Haba 'yar Baba, aikin hannuna? Ke dai bari ki gani."

Washegari ya buga wa nasa takalman ƙarfe biyu-biyu, ya kama hannunta tana turjewa. Suka hau barandar makaranta, shi ƙwaram, ita ƙwas. Sai tsoho ya fara taka rawa, yana juyi yana buga dunduniya! Malama ta fito da alli a hannu za ta yi faɗa, dariya ta hana ta. Yara suka cika taga. Kafin a tashi, mai maganar doki ne ya fara raɓowa: "Auta, don Allah babanki zai yi wa nawa?"

Yanzu Auta ta wuce aji na gaba, ita ke karanta wa babanta rubutun jikin gwangwanin gam. Ajinsu kuwa, kowa da ƙarfensa a dunduniya, in an tashi, sai ka rantse ƙanƙara ke zuba a kan kwano. Malama ta ce ko ba ta juyo daga allo ba, ta san wanda ya makara.

To, da kai ne shugaban makarantar, hana Baba Ƙusa za ka yi, ko kai ma naka za ka tuɓe ka miƙa masa?